Yadda ake gane fitar haƙori a jikin jariri, da yadda ake lallaɓa shi har ya fito

'Ya'ya biyar na haifa a nan Jos, na goyi ƙannena biyu tun ina gidanmu a Gangare, ga jikoki uku da suka bi ta hannuna. Duk na ga fitar haƙoransu. Wasu da kuka da kwanan zaune, wasu kuwa ƙarar cokali a baki ce kawai ta sanar da ni cewa abu ya fito. Wannan bayanin naki ne, ƙanwata mai goyon fari, da ke kaka da aka bar wa jika, har da kai maigida da ake tashinka cikin dare a ce yaro ya ƙi barci.

Bari in fara da abin da ya same ni a kan ɗana na biyu. Yana wata 8 ya kama zawo. Ranar farko na ce haƙori ne. Rana ta biyu matan gidanmu suka ce haƙori ne, da ya ɓullo zai tsaya. Rana ta uku na sayo maganin haƙori a kemis. A daren rana ta huɗu na ɗaga shi na ji ya yi laƙwas kamar tsumma, idanunsa sun zurma, maɗigarsa ta faɗa, yana kuka amma ko ɗigon hawaye babu. Cikin ruwan saman Agusta muka nemi mota zuwa asibiti. Ina tsaye ina kallo malamar jinya ta nemi jijiya a hannu ta rasa, ta nema a ƙafa ta rasa, sai da aka aske gefen kansa aka sa masa ƙarin ruwa ta nan. Da gari ya waye ta dube ni ta ce, "Maman yaro, wa ya ce miki haƙori yana tsotse ruwan jikin yaro haka?" Allah Ya yi da sauran kwanansa. Haƙorin da muka ɗora wa laifi sai bayan mako uku ya fito, lafiya lau, ko ɗumin jiki bai yi ba.

Tun daga ranar na san aikin uwa a wannan lokacin kashi biyu ne. Ta fara tabbatar da cewa haƙorin ne da gaske, sannan ta shiga lallashi.

Kayan da za ki tanada

Tun yaro yana wata 4 ki fara haɗa su, ki zuba a roba ɗaya mai murfi, kada ki tashi lalube cikin duhu ranar da aka ɗauke wuta.

- Ma'aunin zafin jiki, irin mai batir da ke nuna lamba. Shi ne jigon kayan nan duka. Bayan hannu yana yaudara, balle a garin nan da hannun uwa ke yin sanyi ƙalau da asuba, ta taɓa yaro ta ji kamar garwashi alhali lafiyarsa lau.
- Ƙananan ƙyallaye masu laushi na auduga, kamar shida. In babu na saye, ki yayyanka tsohuwar atamfar da ta sha wanki, ki kalmashe bakin don kada zare ya riƙa fita.
- Robar cizo ta jarirai. Ki zaɓi dunƙulalliya, wadda ta fi ƙarfin shiga bakinsa gaba ɗaya kuma babu wani ɗan abu da zai iya ɓallewa a jikinta. Mai ruwa a ciki tana hujewa, ki bar ta.
- Ƙaramin cokalin shayi na ƙarfe mai santsin baki.
- Man kaɗanya mai kyau, ko basilin marar turare.
- Farasitamol na ruwa na yara, mai lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jiki, tare da sirinjin awo marar allura.
- Ledar ORS, wato garin gishiri da sukari da ake haɗawa da ruwa don mai zawo, biyu ko uku, da ƙwayoyin zinc na yara.
- Sabulu, abin yanke farce, da ƙaramin buroshin jarirai don gaba.

Mataki na 1: Ki san lokacin da ake sa rai

Yawancin yara suna fara haƙori wajen wata 6. Wani tun yana wata 4, wani sai ya shekara, duk daidai ne. Biyun gaba na ƙasa su ke yawan fara fitowa, tsakanin wata 6 zuwa 10, sai biyun gaba na sama tsakanin wata 8 zuwa 12, sai na gefensu. Turamen farko suna zuwa bayan an shekara, wajen wata 13 zuwa 19, fiƙoƙi su biyo baya, sannan turamen ƙarshe daga wajen shekara 2. Kafin ya cika shekara 3 haƙoran nono guda 20 sun kammala. In na sama suka riga na ƙasa, ko jerin ya ɗan saɓa, babu wani abu a ciki, kada ki bari a ɗarsa miki tsoro. A abin da na gani, turame sun fi ba yara wuya, saboda faɗinsu.

Abu biyu za ki riƙe a nan. Miyau yana fara zuba tun wajen wata 3, don a lokacin yake yawaita, jariri kuma bai iya haɗiye shi ba tukuna. Wannan dalalar ba ta nufin haƙori ya iso. Na biyu, kowane haƙori wahalarsa ta 'yan kwanaki ce, kamar uku ko huɗu kafin ya huda, da wasu kamar uku bayan ya huda. Yaron da ya yi mako biyu ko wata yana rashin lafiya yana ramewa, wani abu ne ke cinsa.

Mataki na 2: Ki duba bakin da idonki

Ki yanke farcenki, ki wanke hannu da sabulu har tsakanin yatsu. Ki zauna a bakin ƙofa inda haske yake, ki kwantar da shi a cinya kansa wajen cikinki. In dare ne wani ya haska miki fitilar waya. Ki ja leɓen ƙasa a hankali, ki duba, sannan ki bi dasashin da tsokar yatsa.

Inda haƙori ke tahowa za ki ga wurin ya yi ja ya ɗan tasa, wani lokaci ki hango fari-fari a ƙarƙashin fatar, ki ji tauri ko ɗan kaifi. Yaron zai danne yatsarki da ƙarfi kamar yana jin daɗin abin. Sauran alamun su ne yawan miyau, cusa hannu da duk abin da ya samu a baki, rigima mai zuwa ta tafi, kunci ɗaya ya yi ja, jan kunne na ɓangaren, ƙin kunu, da yawan farkawa. Amma a tsakanin rigimar yana wasa, yana dariya, yana kama nono. Wannan shi ne babban abin lura.

Wani lokaci za ki ga ƙullutu mai shuɗi-shuɗi kamar jini ya taru a saman dasashi. Kada ki matsa, kada a fasa. Yawanci da haƙorin ya huda yake bajewa da kansa. In kuwa kin ga farin abu kamar kindirmo ya manne a harshe da cikin kumatu, ko ƙananan gyambuna, wannan ciwon baki ne, na asibiti ne.

Mataki na 3: Ki auna zafin jiki, ki raba haƙori da ciwo

A nan ne na yi kuskure, don haka a nan zan daɗe.

Mu mutanen Jos muna da naɗe yaro: singileti, riga, suwaita, hula, safa, ga bargo, ga goyo. Yaron da aka sauko da shi daga wannan naɗin dole jikinsa ya yi zafi. Ki rage masa kaya, ki bar shi da riga ɗaya a ɗakin da babu iska, ki jira kamar minti 15. Ki share hammatarsa, ki sa kan ma'aunin a tsakiyarta, ki riƙe hannunsa a jikinsa har ma'aunin ya yi ƙara. Ki rubuta lambar da lokacin a takarda ko a waya.

In lambar ba ta kai 38 ba, kuma yana shan nono yana wasa, ɗumin haƙori ne mai yiwuwa. In ta kai 38 ko ta wuce, zazzaɓi ne, kuma haƙori ba ya kawo shi. Ki kai shi asibitin unguwa a ranar, a yi masa gwajin maleriya. Ɗigon jini ne a yatsa, cikin minti 20 sakamako ya fito. Kada ki ba da maganin maleriya da ka, ba tare da gwaji ba. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, da zarar ya kai 38 a tafi da shi nan take, ko tsakar dare ne.

Za ki ce to me ya sa kullum zawo da zazzaɓi suke zuwa tare da haƙori? Lokaci ne ya haɗa su. Wajen wata 6 kariyar da yaro ya samo daga jikin uwarsa tun yana ciki take raguwa. A lokacin ake fara ba shi kunu da ruwa. A lokacin yake fara zama da rarrafe, ya ɗauki takalmi, ya ɗauki murfin kwalba a tsakar gida, duk sai baki, ga dasashi yana masa ƙaiƙayi. Ƙwayar cuta ta wannan hanyar take shiga. Haƙora kuma guda 20 ne cikin shekara biyu da rabi, duk ranar da ciwo ya zo za a samu wani haƙori a hanya da za a nuna.

Waɗannan alamun ba a kwana da su a gida, ko da kin ga haƙori ƙuru-ƙuru yana hudowa:

- ya ƙi kama nono sam, ko duk abin da ya sha sai ya amayar
- jijjiga ko sanƙarewa
- barci mai nauyi, ana tashinsa yana komawa, jiki ya saki
- ido ya zurma, maɗiga ta faɗa ko ta kumbura, baki ya bushe, ya yi awa 6 ko fiye bai jiƙa nafkin ba
- jini a kashi
- numfashi da sauri, ko ƙasan ƙirji yana lotsawa in ya ja iska. Ki ƙirga na minti ɗaya cif yana kwance shiru: 50 ko fiye ga ɗan wata 2 zuwa shekara, 40 ko fiye ga wanda ya shekara, alamar nimoniya ce, kuma tana yawa a sanyin garin nan
- ruwa ko mugunya daga kunne
- ƙuraje a jiki tare da zazzaɓi da jan ido

Zawo kuwa shi ne kashi mai ruwa-ruwa sau 3 ko fiye a yini. Da ya fara, ki fara ORS, kada ki jira gobe. Ki karanta ledar ki ga yawan ruwan da aka ce, yawanci lita ɗaya ne. Ki riƙa ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, kwata zuwa rabin babban kofi, wato mililita 50 zuwa 100, bayan kowane kashi. In ya yi amai ki jira minti 10 ki ci gaba a hankali. Ruwan ORS ɗin da ya kwana ya wuni, awa 24, a zubar a haɗa sabo. In babu ORS a gida kuma dare ya yi, ki tafasa ruwa lita ɗaya ya huce, ki sa sukari cokalin shayi 6 a shafe da gishiri rabin cokalin shayi a shafe. Ki ɗanɗana, kada gishirin ya fi na hawaye. Zinc kuma miligiram 20 kullum ga wanda ya kai wata 6, rabin haka ga wanda bai kai ba, kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. Nono kada ya yanke. Duk da haka ki kai shi a duba.

Mataki na 4: Murza da sanyi

In kin tabbata haƙori ne, maganinsa na farko yana hannunki. Ki wanke yatsa, ki ɗora a inda ya tasa, ki murza da ɗan ƙarfi kina zagayawa, minti ɗaya zuwa biyu. Da farko zai iya zillewa, sannan ki ji ya lafa yana danna miki. Jikata ta fari haka nake mata kafin kowane shan nono, har ta kai in ta gan ni sai ta kamo yatsata da kanta ta kai baki.

Sai sanyi. Ki jiƙa ƙyalle ɗaya da tafasasshen ruwan da ya huce, ki matse, ki ƙulla gefe ɗaya ya yi dunƙule, ki sa a leda mai tsabta a firiji na rabin awa. Ki ba shi ya riƙa tauna ƙullin kina riƙe da ɗaya gefen. Robar cizo da cokali ma haka, a firiji, wajen da ake sa ruwa. Kada a sa su a gidan ƙanƙara. Abin da ya daskare yana manne wa dasashi ya ji masa ciwo, ƙanƙara tsagwaronta kuma tana iya sarƙe shi.

In babu wuta ko babu firiji, ga yadda muke yi tun da. Ki zuba tafasasshen ruwa a kwalba mai murfi, ki jefa kwalbar cikin randa ta kwana. Da safe ki tsiyaya a kofi mai tsabta, ki tsoma cokali da ƙyalle. Daga Disamba zuwa Janairu ma ba kya buƙatar randa, kofi mai murfi a bakin taga ya isa. Da bayan cokalin ake shafa dasashin, kuma a hannunki zai zauna, kada ki sakar masa ya zura har maƙogwaro.

Wanda ya haura wata 6 ya fara cin abinci, za ki iya ba shi kokwamba mai sanyi, babban yanki da ya fi tafin hannunsa, a wanke a fere a cire 'ya'yan. Ga ta nan a kasuwar Farin Gada. Yana zaune a miƙe, kina gabansa, idonki a kansa. Da kin ga ya fara gutsura ki karɓe. Ɗanyen karas ni ba na ba yaron da haƙori ya riga ya fito masa, don yana ɓallewa da tauri. Rake, alewa, biskit mai zaƙi da ƙashin kaza duk a bar su.

Kuskuren da aka fi yi shi ne robar ta faɗi ƙasa a ɗauka a goge da gefen zani a mayar masa. Ki wanke da sabulu duk faɗuwa, ki tafasa ƙyallayen kullum ki shanya a rana. Kuma kada ki ɗaura robar da igiya a wuyansa don gudun faɗuwar.

Mataki na 5: Miyau da haɓa

Miyau da iskar hunturu in suka haɗu, haɓar yaro takan yi ja ta tsattsage, har ninkin wuya ya saɓule. Ki riƙa dangwala ƙyalle mai laushi kina tsane wurin, ban da gogewa da ƙarfi. In ya bushe ki shafa man kaɗanya ko basilin kaɗan, da safe, da kuma kafin barci. Hoda a ninkin wuya tana cakuɗewa da miyau ta ƙara ɓata wurin. Rigar da ƙirjinta ya jiƙe a canza ta da wuri. Abin tare miyau na wuya yana taimakawa da rana, amma a cire shi kafin a kwantar da yaro.

Mataki na 6: Nono da abinci

Zai iya ƙin kunu kwana biyu ko uku. Kada ki yi masa ɗura. Ki ƙara masa nono, ki bar kunun ya huce sosai, ki gwada dakakkiyar ayaba ko dankalin turawa da aka dafa aka murje. Wanda bai kai wata 6 ba nono zalla ne abincinsa, ko ruwa ba a ba shi, haƙori ko ba haƙori.

Cizon nono yana sa mata da yawa tunanin yaye. Ki lura, yaro ba ya iya cizo yana tsakiyar tsotso, don harshensa yana kan haƙoran ƙasa. Sai ya ƙoshi ya fara wasa yake cizo. Da kin ji tsotson ya yi sanyi, ki zura ƙaramar yatsa ta gefen bakinsa ki zare nonon. In ya riga ya ciza, kada ki fizge kuma kada ki yi ihu, wani yaron tsorata yake ya yi yajin nono. Ki zare, ki ce masa "a'a" da kakkausar murya, ki miƙa masa robarsa. Haƙori ba dalilin yaye ba ne, ki ci gaba har shekara 2 in Allah Ya ba da iko.

Rigakafi ma kada ki ɗaga saboda haƙori. Allurar ƙyanda da ta shawara ta wata 9 a tsakiyar wannan lokacin take faɗowa, na ga mata da dama sun tsallake ta suna jiran haƙori ya gama fita.

Mataki na 7: Dare, da lokacin ba da farasitamol

Da dare rigimar ta fi tsanani, don babu abin da ke ɗauke masa hankali. Wanka da ruwan ɗumi, murza dasashi, nono, goyo a zagaya ɗaki, yawanci sun isa. Maigida, karɓar yaron na awa ɗaya uwar ta runtsa babban taimako ne. Duk wanda ya ji ransa ya fara ɓaci da kukan, ya kwantar da yaron a rigingine a wuri mai aminci ya fita ya sha iska. Ba a girgiza jariri da ƙarfi, yana taɓa ƙwaƙwalwa.

In duk an yi yana ta kukan ciwo, sai farasitamol. Da nauyin yaro ake auna shi, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo, nauyin kuma yana rubuce a katin awonsa. Misali yaro mai kilo 8, in kwalbar ta ce miligiram 120 a cikin mililita 5, to mililita 5 ne iyakarsa a sha ɗaya. Ki bar awa 6 tsakani, kada ya wuce sau 4 a awa 24, kuma in an kwana biyu ana bayarwa bai daina ba, a je a duba shi. Ki karanta kwalba da kyau: akwai na ɗigawa mai miligiram 100 a mililita ɗaya, ya ninka wancan ƙarfi kusan sau huɗu. Ki sa mai kemis ko malamar asibiti ta nuna miki layin a jikin sirinji. Cokalin gida ba ma'auni ba ne, wani ya fi wani zurfi. Kada ki haɗa shi da maganin mura ko na haƙori, da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai a ninka wa hantar yaro ba a sani ba. Asfirin kuwa ba a ba yara.

Mataki na 8: Abin da za ki ce a'a, ko wa ya kawo

Kwalaben da ake kira maganin haƙori ba sa fito da haƙori, ba sa tsayar da zawo. Wasu sa barci kawai suke, yaro ya yi luf a zaci ya samu sauƙi, ciwon na cinsa. Mu a garin nan muna da dalilin tsoron maganin da ba a san asalinsa ba. A 1990, tsakanin Yuni da Satumba, yara 47 da aka kai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos suka rasu, bayan sun sha ruwan farasitamol da aka gurɓata da dayetilin gilaikol, sinadarin da ake sawa a man birki. A ƙarshen 2008 wannan gubar ta sake ɓulla a maganin haƙori mai suna My Pikin, yara aƙalla 84 suka rasu a ƙasar nan, ciki har da na Legas da Zariya. Ƙoda take kashewa, fitsari ya ɗauke. Iyayen nan sauƙi suka nema wa 'ya'yansu. Shi ya sa nake cewa farasitamol ɗin ma a saya a kantin magani mai rajista, a rufe da hatiminsa, ban da na tire a kasuwa ko na tsiyaye a kwalba.

Man shafawa a dasashi mai kashe zafi, in kin ga an rubuta benzocaine a kwalinsa, ki ajiye. Tun 2018 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa ga yara 'yan ƙasa da shekara 2, don yana iya hana jini ɗaukar iska. Kafson nan ja da ruwan ɗorawa, tetirasaikilin, da ake farkewa a zuba a kunu, yana rina haƙoran da ke cikin dasashi har abada, kuma ba na ƙananan yara ba ne. Filajil da sauran magungunan kashe ƙwayoyin cuta sai likita ya rubuta. Maganin sa barci haramiyarsa ne. Zuma ba a ba wanda bai shekara ba, ko a lasa ko a shafa a dasashi, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar da ke shanye jikin jariri. Jiƙe-jiƙe, kanwa, toka da garin magani a dasashi, duk a'a. Wanzami kada ya tsaga dasashi ko ya taɓa beli da sunan haƙori, jini da cuta ake jawowa, har a lalata haƙorin da ke ƙasa. Laya ko tsakiya a wuya tana iya shaƙe yaro cikin barci, ko ta tsinke ya haɗiye. Addu'a ki tofa masa safe da yamma, wuyansa kuwa ki bar shi wayam.

Na san faɗa ya fi aikatawa sauƙi in uwar miji ce ta miƙo kwalbar. Ita ma jikanta take so. Surukata da ta rasa yadda za ta yi da wata dattijuwar dangi, ce mata ta yi, "Goggo, a wajen awo an hana mu ba shi komai sai nono. Ga ƙyallen nan mai sanyi, don Allah ki murza masa, hannunki ya fi nawa sabawa." Goggo ta karɓa, ta samu abin yi, kwalbar ta koma jaka. In abin ya faskara, maigida ne ya kamata ya yi wa mahaifiyarsa magana, daga bakinsa ta fi karɓa.

Mataki na 9: Bayan ya fito

Tun kafin haƙori ki saba masa da goge dasashi da jiƙaƙƙen ƙyalle bayan shan nono na dare. Ranar da na farko ya huda, ranar buroshi ya fara aiki, safe da kuma kafin barci. Man goge baki mai fuloraid za ki sa, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa, don haɗiyewa zai yi. Ki zaunar da shi a cinya bayansa a ƙirjinki, ki tallafe haɓar, ki goge gaba da baya har inda haƙori ya haɗu da dasashi. In babu buroshi, ƙyalle a yatsa ya wadatar kafin a samu. Aswaki sai ya girma ya iya tofarwa.

Kada a kwantar da shi da fida mai shayi, lemo ko kunu mai sukari a baki. Shi ke cinye haƙoran gaba na sama, su fara da farin layi a gindi, su koma ruwan ƙasa, su gutsuttsure. Masu cewa ai na nono ne za su zube, su tuna famfara sai wajen shekara 6 take farawa, turamen kuma suna kaiwa shekara 10 zuwa 12 a baki, su ke riƙe wa na dindindin gurbi.

Ki kai shi wajen likitan haƙori ya duba in ya shekara, akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo. Haka in ya kai wata 18 babu haƙori ko ɗaya, ko aka haife shi da haƙori a baki, musamman in yana girgiɗi ko yana yanka masa harshe. Buroshin nasa shi kaɗai ne, ba a haɗa shi da na yayyensa, a canza shi duk wata 3 ko da zarar gashin ya baje.